Gwaggo Baturiya da Man da ya Shiga Lagireto

Gwaggo Baturiya yayar mahaifina ce. Baƙa ce sosai, doguwa, mai faɗin kafaɗa. Sunan ya bi ta tun ranar da aka haife ta a Sae Sabuwa, don ta fito jawur har ungozoma ta ce an haifi baturiya. Kafin ta yi wata uku ta rine, amma sunan ya riga ya zauna. Aure ne ya kawo ta Gazawa, gidan Malam Tahiru manomi, kuma a nan ta yi shekara talatin da ƴan kai tana sana'a ɗaya, wato man gyaɗa da ƙuli-ƙuli.

Ba ta yi karatun lakol ba. A wurin kakarta ta koyi aikin mai, tun tana taka dutse kafin ta iya leƙa cikin babban turmi. Wanda bai taɓa gani ba zai zaci abu ne mai sauƙi. A ɓare gyaɗa, a soya, a murje, a sheƙe, a kai niƙa. In ta dawo daga inji ta yi kauri, sai a juye a turmi, a riƙa yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa da taɓarya har man ya tsattsafo ya taru a sama. Wurin ruwan nan ake gane gwana. In ya yi yawa man ya ƙi fita, in ya yi kaɗan mace ta yini tana juyi a banza. Gwaggo ba ta auna ruwa da komai. Sautin da taɓarya ke yi a cikin turmi take saurare.

Hancinta kuwa duk unguwa an san shi. Takan ɗiga mai a bayan hannu ta murza, ta kai hanci, sannan ta faɗi ko gyaɗar bana ce ko ta bara, ko an cika mata wuta wurin suya, ko an sirka man da na kanti. Matan da suka koyi sana'ar a hannunta suna tsoron wannan murzawar fiye da faɗa, don Gwaggo ba ta faɗa. Sai dai ta miƙa wa mace kwalbarta ta ce, "Koma ki sake."

A Gazawa masu mai sun yi yawa, ciniki ya yi kaɗan. Kasuwar Cadawa ce ke ɗaukar kaya, don ƴan sari na zuwa can daga Maraɗi. Sai dai kai man can wahala ne. Direbobin motocin haya ba su son jarkar mai, wai tana ɓata wa fasinja tufafi. Wanda ya yarda ya ɗauka sai ya ɗaure ta a saman mota a ƙarƙashin buhunan gero, a isa Cadawa an fasa ɗaya ko biyu. Ranar da aka sauke Gwaggo da jarkokinta shida a Agye, a tsakiyar hanya, don wani mai farar shadda ya yi ƙorafi, ranar ta ƙudura cewa sai sun mallaki motarsu.

Shekara biyu ta yi tana bin matan unguwa gida-gida. Su goma sha biyu suka amsa. Wadda ta fi ba ta wuya ita ce Batulu, taubashiyarta, wadda suka tashi tare tun Sae Sabuwa, kuma ba su taɓa haɗuwa ba su yi wa juna tsiya ba.

"Ke Baturiyar gawayi," in ji Batulu, "mota fa ba akuya ba ce da za ki ɗaure a turke ki watsa mata dusa. Ranar da ta kwanta, wa zai tashe ta a cikinmu?"

Duk da haka ta shiga, ita ce ta ƙarshe. Suka haɗa ƙarfi suka sayi wata tsohuwar a-kori-kura fara, irin wadda ake ce wa bashe a wajenmu. Suka ɗauki Ɗan Azumi direba, magidanci mai ƴaƴa biyar, mai yawan surutu amma mai hankali a kan hanya. Shekara ɗaya da rabi motar na kai su Cadawa tana dawo da su, har wasu matan suka ƙara yawan gyaɗar da suke soyawa.

Ina gida hutu daga jami'a lokacin da abin ya faru. Wata safiya, washegarin kasuwar Cadawa, Ɗan Azumi ya yi sallama a ƙofar gidan Gwaggo ba tare da barkwancin da ya saba ba. Ya ce jiya a hanyar dawowa allurar da ke nuna zafin inji ta hau fiye da yadda ta saba. Da safen nan ya buɗe murfin lagireto, tankin ruwan da ke sanyaya inji, ya tarar da mai a ciki. Ya riga ya kai motar garajin Garzali.

Gwaggo ta yafa mayafi ta ce in biyo ta.

Garajin Garzali rumfar kwano ce a bakin titi, ƙasarta ta yi baƙi ƙirin saboda shekarun da ta yi tana shan baƙin mai. Kafin mu isa labari ya zaga, matan sun hallara, Batulu a gaba. Garzali mutum ne mai natsuwa, ba ya zuzuta gyara. Ya tsoma yatsa a bakin lagireto ya fito da wani abu mai kauri da yauƙi, launinsa kamar kunun kanwa. Ya nuna mana, ya yarfar a ƙasa.

"Inna," ya ce wa Gwaggo, "a cikin inji hanyar ruwa daban, hanyar baƙin mai daban. Tsakanin kan inji da gangar jikinshi akwai wani faifai da muke ce ma juwan, shi ke raba su. In ya ƙone, ko kan injin ya tsage, sai mai ya bi ruwa. In aka kawo mani mota goma da wannan alama, tara daga ciki abin ke nan."

"To a gyara mana," in ji wata.

"In juwan ne kaɗai, da sauƙi. In kan ya tsage, sai dai wani injin. Ba ni kuwa iya sani sai na kwance na buɗe."

Wani injin ya fi ƙarfinsu, duk sun san haka.

A kan benci a gefe akwai wani baƙo da ke shan shayi, Muttaka, mai sayen tsofaffin motoci yana wargaza su yana sayar da kayansu a Maraɗi. Wata mota ya zo dubawa ya tarar da wannan. Ya ajiye kofi ya ce shi zai saya a yadda take, a rufe, ya ɗauki kasadar. Amma in aka buɗe aka ga tsaga, to ba mai sayenta sai a matsayin ƙarfe. Ya ce bayan la'asar zai kama hanya, su yi shawara kafin nan.

Nan fa magana ta ɓarke. Wasu na cewa a buɗe, Allah na nan. Wasu na cewa a sayar tun ana so. Batulu ta gyara ɗaurin zane ta fuskanci Gwaggo.

"Ban faɗa maki ba? Yau ga akuyarki ta kwanta. Ni dai a sayar, kowa ta kama gabanta, mu koma ma masu motar haya mu ba su haƙuri."

Matan da suka goyi bayanta sun fi yawa. Gwaggo ta ja gefe. Ta sami wata tsohuwar taya ta zauna, ta sunkuyar da kai tana kallon ƙasa. Na ji wata na raɗa cewa kunya ce ta kama ta, tunda ita ta ja su cikin wannan. Ni ma haka na zata, har na matsa kusa da ita don kada ta zauna ita kaɗai. Sai na ga idonta ba a rufe yake ba, wani abu take bi da kallo.

"Garzali," ta ce, ba ta ɗaga kai ba, "kiyashi na shan baƙin mai?"

Ya yi ƴar dariya. "A'a, Inna. Shekarata ashirin a rumfar nan, ko kusa ba su zuwa."

"To waɗannan mi suke sha?"

Ta nuna da ɗan yatsan ƙafa. A daidai inda Garzali ya yarfar da abin da ya ciro daga lagireto, kiyashi sun yi layi tun daga gindin katanga, sun kewaye shi sun yi baƙi. Taku ɗaya daga nan akwai sabon baƙin mai da ya zuba daga wata motar, ko ɗaya bai je wurin ba.

Garzali ya tsuguna ya daɗe yana kallo.

"Ni ban san mota ba," in ji Gwaggo. "Amma waɗannan ƴan banzan na san su. Shekara talatin muna yaƙi da su a bakin jarka. Miƙo mani abin nan in gani."

Ya ɗebo mata a murfin gwangwani. Ta murza a bayan hannu ta kai hanci, ta yamutsa fuska, ta ce warin tsatsa da ruwan zafi ya rufe komai. Ta ce a kawo mata murhun gawayin da ake dafa shayi, a kuma ɗigo mata baƙin man injin motar a wani murfin daban. Garzali ya zaro dogon ƙarfen nan da ake auna mai da shi. Kafin ya ɗiga sai ya tsaya yana duban ƙarfen.

"Ɗan Azumi, yaushe rabonka da ƙara mata mai?"

"Tun juyen da ka yi mani, wata biyu ke nan. Ko cokali ban ƙara ba."

"Bai ragu ba," in ji Garzali a hankali, kamar da kansa yake magana. "Kuma baƙi ne wuluk, ba ruwa a ciki. Tana farin hayaƙi ta salansa?"

"Ba ta yi."

Gwaggo ta ɗora murafen biyu a kan garwashi. Na baƙin man ya fara hayaƙi mai ɗaci, irin wanda ke shaƙe maƙogwaro, har matan suka ja baya suna toshe hanci. Ta sauke shi. Ɗayan kuwa ya yi ta tartsatsi yana fantsama, ruwan da ke ciki na ƙonewa. Da tartsatsin ya lafa, abin ya narke ya koma garau, ruwan ɗorawa, yana ƙyalli. Sai ƙamshi ya tashi.

Ba wanda ya buƙaci a gaya masa. Duk macen da ke wurin da wannan ƙamshin take tashi kowace safiya. Har Muttaka ya miƙe daga benci ya leƙo.

"Ƙosai nike ji ko kuwa yunwa ce?" ya ce.

"Man gyaɗa ne," in ji Gwaggo.

"Man gyaɗa a lagireto?" Garzali ya juya wurin direban. "Kai, mi kake ba motar nan?"

"Wallahi ruwa! Ruwa kaɗai. Ka san tana ɗan shan ruwa, to in mun taso daga Cadawa nakan tsaya a Agye in bari ta huce in cika mata."

"Da wane ruwan?" in ji Gwaggo.

Ɗan Azumi ya sosa ƙeya. Ya ce da yana da jarkarsa ta ruwa a bayan kujera, amma ta fashe wajen wata ɗaya da rabi da ya wuce. Yana shirin neman wata sai ya lura ashe ba ya bukata, tunda kullum in za a dawo jarkokin matan cike suke da ruwa a bayan mota. Sai ya riƙa jawo wadda ke bakin ƙofa yana tsiyayawa, su kuwa suna can wurin mai tsire ko sun tafi salla.

"Ai ruwa ne, Inna. Na ga da idona kuna cika su a famfon kasuwa."

Matan suka dubi juna. Wata ta dafe baki.

Abin da Ɗan Azumi bai sani ba, kuma ba namijin da zai sani, shi ne dalilin ruwan. Dabarar Gwaggo ce, ita ta koya musu. In an juye wa ƴan sari mai, jarka ba ta taɓa tsiyayewa duka, akwai wanda ke manne a jikinta da gindinta. Sai a cika ta da ruwa tun a kasuwa. Rana ta gasa ta, hanya ta jijjiga ta, kafin a iso gida duk sauran man ya saki ya taso ya kwanta a wuya. A yaɗe shi da ludayi, a jarka ɗaya a sami abin miyar kwana biyu ko uku. Duk wanda ya karkata irin wannan jarka, abin da zai fara fita mai ne, ruwa na biye. Sau shida ke nan Ɗan Azumi na yi wa lagireto wannan hidima.

"Jarkar wa ke zama a bakin ƙofa?" in ji Gwaggo. Ta san amsa, don wadda ake fara saukewa ita ke sa kayanta a ƙarshe.

Batulu ta zabura.

"La'ilaha illallahu! Ni da nike ta cewa murfin jarkata na yoyo! Har na ce ko ke ce ke yaɗe mani kan mai don baƙin hali."

Gwaggo ta sake kai murfin gwangwanin hanci, ta lumshe ido kamar mai nazari.

"Naki ne, ba shakka. Ga ƙauri nan. Tun muna ƴan mata nike ce maki ki rage wuta wurin suya."

Dariya ta ɓarke a rumfar, har Garzali ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Ɗan Azumi ya cire hula ya rufe fuska da ita.

Muttaka ne ya katse dariyar. Ya ce shi ba ya musun man gyaɗa ne, hancinsa ya shaida. Amma wa ya tabbatar babu baƙin mai a tare da shi? Motar ta yi zafi jiya, kuma zafi shi ke ƙona juwan. Yana iya yiwuwa abu biyu ne suka haɗu. Garzali ya gyaɗa kai ya ce maganar gaskiya ce, ba zai rantse ba tukuna. Fuskokin matan suka sake canzawa.

"To yaya ake ganewa ba a buɗe ba?" in ji Gwaggo.

Garzali ya ce hanya ɗaya ce. A wanke cikin lagireto da duk hanyar ruwan tas, a zuba sabon ruwa, a yi tafiya mai nisa da motar har ta yi zafi sosai, sannan a duba. In injin ne ke turo mai, zai sake turowa, kuma baƙi zai fito. Sai dai wankin na son ruwan zafi mai yawa, shi kuwa butar shayi kaɗai gare shi, ga azahar ta kusa.

"Ruwan zafi?" Gwaggo ta miƙe ta kakkaɓe zane. "Mu da shi muke ci."

Ta dubi Batulu. "In baƙin mai ya fito, ni da kaina zan miƙa ma bawan Allah nan makulli. In bai fito ba fa?"

"In bai fito ba, in na ƙara cewa a sayar, ki kira ni duk sunan da kika ga dama."

Gidajen ba su da nisa. Cikin rabin awa sai ga mata sun fara fitowa daga lungu bi da bi, kowace da bokiti a ka yana tururi, daga manyan tukwanen da suke dafa ruwan matsar mai. Masu wucewa a kan babur suka riƙa tsayawa suna tambaya ko biki ake a garaji. Garzali ya cire tiyon ruwa na ƙasan lagireto, abin ya zubo kamar ɓataccen nono. Ya mayar, ya zuba ruwan zafi da garin sabulu, ya sa Ɗan Azumi ya tada inji ya bar shi yana aiki, sannan a kashe, a jira ya ɗan huce, a zubar. Na farko ya fito fari da kauri. Na biyu ya yi tsararo. Gwaggo na tsaye a kansa tana tara hannu tana murzawa, kamar yadda take yi wa kwalbar masu koyo.

"Da saura. Sake."

Sau biyar aka yi da sabulu, sau biyu da ruwa zalla. A na ƙarshe ta murza yatsunta suka yi ƙara, ta ce to yanzu ya fita. Garzali ya nuna mana ƙananan hanyoyin lagireto ya ce maiƙon nan ne ya toshe su, shi ya sa allura ta hau. Ya cika da ruwa mai sanyi, ya bar murfin a buɗe, aka tada inji. Ya ce in juwan ya ƙone za a ga kumfa na tasowa kamar ana hura ruwan da kara. Muka kewaye muna leƙe. Ruwan na ta zagayawa shiru, ba kumfa ko ɗaya.

"Saura hanya," in ji shi.

Aka loda wa motar tsofaffin ƙarafa da wasu duwatsu don ta ji nauyi irin na ranar kasuwa. Garzali ya shiga gaba kusa da direba don ya sa ido a kan allura. Za su je Agye su dawo ba tsayawa.

Jiran nan ya yi tsawo. Matan suka yi salla a gidan da ke maƙwabtaka, suka dawo suka zauna a inuwar katanga. Ba mai ba'a yanzu. Muttaka ya riga ya kira wani a waya yana tambaya ko akwai motar da za ta ja wata zuwa Maraɗi, kuma bai rage murya ba. Batulu ta matso kusa da Gwaggo ta zauna, kafaɗarsu na gogar juna. Na ji ta ce ƙasa-ƙasa, "Ni fa ba son a sayar nike ba. Tsoro nike ji." Gwaggo ta ce, "Na sani."

Ana kiran la'asar motar ta sauko daga titi. Ɗan Azumi ya leƙo ta taga tun kafin ya tsaya.

"Allura ko motsi! Tana tsakiya kamar an kafa ta da ƙusa!"

Garzali ya hana kowa taɓa murfin, ya ce sai ta huce, in ba haka ba ruwan zai yi tsalle ya ƙona mutum. Aka tafi salla aka dawo. Ya naɗe hannu da tsumma ya murɗe murfin a hankali. Ya leƙa ciki. Sannan ya ce a ba shi farin kofi.

Ya ɗebo. Ruwan garau yake, amma a samansa akwai ƴan ƙananan idanun mai guda uku ko huɗu suna yawo.

"Ga shi nan," in ji Muttaka. "Ya dawo."

Wata daga cikin matan ta fara salati. Gwaggo ta karɓi kofin ta fita da shi rana. Ta yago gefen wata farar takarda, ta taɓa idanun man da ita ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga. Tabon da ya fito ba shi da launi, takardar ce kawai ta yi shara-shara, irin ta mai ƙosai. Garzali ya zaro ƙarfen awon mai ya ɗiga ɗigo ɗaya a gefen tabon. Ya yi baƙi kamar tawada. Ya duba ƙarfen da kyau, man na nan daidai inda yake da safe.

"Sauran na Inna Batulu ne da ya maƙale a tiyo," ya ce. "Nan da kwana biyu a sake juye ruwan, shi ke nan." Ya goge hannu, ya dafa motar. "Injin nan lafiyarshi lau. Ba abin da zan buɗe."

Batulu ce ta fara rangaɗa guɗa, doguwa, har awakin da ke kwance a gindin katanga suka watse. Sauran suka ɗauka. Ɗan Azumi ya shiga mota ya danna ham yana bin guɗar. Mutanen tashar da ke kusa suka yo gudu suna tambayar wa ya haihu.

Muttaka ya ɗauki jakarsa, ya zo gaban Gwaggo ya ɗan rusuna.

"Inna, don Allah kada ki buɗe garaji. In kika buɗe, mu masu sayen matattun motoci yunwa za ta kashe mu."

"Je ka abinka, ɗana, Allah ya kiyaye hanya," ta ce. "Wannan dai ba taka ba ce."

Ba ta yi guɗa ba, ba ta kuma yi wani dogon bayani ba. Ta karɓi makullin daga hannun Garzali ta miƙa wa Ɗan Azumi, ta ce gobe ya biyo gida ya karɓi sabuwar jarka wadda mai bai taɓa shiga ba, kuma in ta sake ganin hannunsa a kan ta mata, da ludayi za ta bi shi. A hanyar gida ta ce mani ƙafafunta ciwo suke, ga gyaɗar da ta bari a kasko tun safe ba ta san halin da take ciki ba.

Ranar kasuwar Cadawa ta gaba na fito na ga tashinsu. Jarkoki talatin da biyu aka loda, da buhunan ƙuli-ƙuli a sama. Kujerar gaba ta Gwaggo ce tun ranar da aka sayi motar, amma da ta zo shiga sai ta tarar Batulu ta riga ta, ta baje, ta ɗora jaka a cinya.

"Sauka, ke."

"Ba inda za ni. Wata ɗaya da rabi motar nan na shan maina, ban ce komai ba. Yanzu ni ce uwarta."

Gwaggo ta tura ta ciki da kafaɗa ta matsa kusa da ita, ta ja ƙofa ta rufe da ƙyar. Ɗan Azumi ya tada inji, suka hau titi suna ta musu.